Sayen Sitetoskof a Bauchi: Tambayoyin Ɗalibai da Ma'aikatan Asibiti da Amsoshinsu

Duk shekara, da zarar ɗaliban likitanci za su fara shiga ɗakunan marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko sabbin nas-nas da ungozomomi sun karɓi takardar kama aiki, sai tambaya ɗaya ta yi ta yawo: wane sitetoskof zan saya? Iyaye ma suna yin ta, tunda galibi daga aljihunsu kuɗin ke fita. Sitetoskof dai shi ne na'urar da likita ke sawa a kunne ya saurari ƙirjin mara lafiya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai da gaske akwai bambanci tsakanin mai araha da mai tsada, ko suna kawai ake saya?

Akwai bambanci, kuma kunne yana jin sa. Sitetoskof na yau da kullum ba shi da batir, ba shi da inji a ciki. Sauti yake ɗauka daga fatar mara lafiya, ya bi da shi ta iskar da ke kulle cikin tiyo har ya isa dodon kunnenka. Duk inda iskar ta samu kafar fita, sautin ya ragu. Duk inda hayaniyar waje ta samu kafar shiga, ta danne shi. Shi ya sa ake duba nauyin kan da ake ɗorawa a ƙirji, don na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi na alminiyom riƙe sauti, sannan a duba kaurin tiyo, da laushin robar kunne, da yadda mahaɗan suka kama juna ƙam.

Irin wanda ake haɗawa kyauta da abin awon jini, mai siririn tiyo da robar kunne mai tauri, zai ji bugun zuciyar lafiyayyen saurayi a ɗakin da babu motsi. To ina aka taɓa samun ɗakin da babu motsi a asibitocinmu? Fanka na juyawa, janareta na ruri a bayan taga, 'yan dubiya sun cika tsakanin gadaje, ga yaro na tsala ihu a gado na gaba. A nan ne mai araha ke ba ka kunya.

Sai dai tazarar ba ɗaya ba ce. Daga mafi araha zuwa matsakaici mai kyau, tazara ce babba wadda sabon ɗalibi ma zai ji. Daga matsakaicin zuwa na ƙoli kuwa ƙarama ce, sai kunnen da ya daɗe yana saurare ke kama ta. A tsakiya ya kamata kuɗin mafi yawan mutane su tsaya.

Me ya sa wasu ke da fuska biyu, babba da ƙarama? Dole ne sai mai biyun?

Babbar fuskar, mai shimfiɗaɗɗen faifai, ita ake kira dayafiram a asibiti. Da ita ake jin sautuka masu kaifi: shiga da fitar numfashi, kukan hanji, bugun zuciya na farko da na biyu. Ƙaramar mai zurfi, wato ƙoƙo, ta sautuka masu kauri ce, na ƙasa-ƙasa, waɗanda kunne ke saurin tsallakewa. A hankali ake ɗora ta. In ka danna, fatar mara lafiya ta miƙe ta koma faifai, abin da kake nema ya ɓace.

A ƙasar Hausa ƙoƙon nan ba ado ba ne. Mace ta haihu, kafin arba'in ko bayanta ƙafafu sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya rigingine. Raunin zuciya ne na bayan haihuwa, wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubuce-rubuce kan yawansa a Arewa, kuma har yau ana ganin sa a ɗakunan mata. Daga cikin alamunsa akwai bugu na uku mai laushi da ke biyo bayan na biyu, kuma da ƙoƙo aka fi kama shi. Haka yarinyar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a yi wa magani ba, ya bi ya lalata mata bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da jini ke bi a cikin zuciyar. Idan bawul ɗin hagu ya ƙuntata, gurnaninsa ƙasa-ƙasa yake, sai an kwantar da ita ta gefen hagu an ɗora ƙoƙo a ƙasan nono kafin a ji shi. Wanda faifai kaɗai gare shi zai iya sallamar irin waɗannan yana cewa zuciya lafiya lau.

Akwai kuma faifai mai aiki biyu, wanda sitetoskof samfurin Littmann ya yi fice da shi: ka ɗora a hankali ya ba ka sautin ƙasa, ka danna ya ba ka mai kaifi, ba sai ka juya kan ba. Yana da daɗin aiki, amma sai hannu ya saba. Ɗalibai da yawa suna danna shi da ƙarfi kullum, har su gama makaranta ba su san rabin aikinsa ba.

Malam, aji huɗu zan shiga, za mu fara zagayen marasa lafiya. Abokaina sun ce in ba Cardiology IV ba kada ma in fara.

Abokanka suna so su kashe wa mahaifinka kuɗi. Babu mai musun kyan Cardiology IV, babban samfurin Littmann: kansa na da nauyi, tiyonsa hanya biyu ce cikin roba ɗaya, kowane kunne da tasa, kuma garantinsa shekara 7 ne. Amma don likitan zuciya aka yi shi, da masu aiki a sashen kulawa ta musamman, da masu ba da maganin barci a tiyata.

Kai Classic III, matsakaicin samfurin Littmann, ya ishe ka, ko takwaransa na wani kamfani. Kuɗinsa wajen rabin na wancan ne, garantinsa shekara 5. Babbar fuskarsa ta manya ce, ƙaramar ta yara, kuma kana iya cire faifan ƙaramar ka sa zoben roba ta koma buɗaɗɗen ƙoƙo. Zai raka ka sashen manya, da na yara, da tiyata, da na mata, ya kai ka shekarar sanin makamar aiki, har bautar ƙasa. Canjin ka sayi tocila da 'yar gudumar gwiwa da littafin duba marasa lafiya.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne yawan ƙirjin da ka saurara. Ka fara da lafiyayyu, 'yan ɗakinku da ƙannenka a gida, siriri da mai jiki, har sautin lafiya ya zauna maka a kunne. Sai ka san lafiyayye sannan mara lafiya zai yi maka baƙo. Ranar da ka samu gurbin ƙwarewa a fannin zuciya, ka sayi babban da albashinka.

Ni nas ce. Yawancin aikina awon jini ne da lura da numfashi. Ina buƙatar irin na likitoci?

Sista, ba lallai ba ne, amma kada ki faɗa ƙasa da yawa. Mara nauyi irin Littmann Lightweight II S.E. ko MDF Acoustica ya dace da wadda za ta kwana da shi a wuya.

Kada dai a raina awon jini. Sautin da kike bi a gwiwar hannu, wanda likitan Rasha Nikolai Korotkoff ya bayyana a 1905, yana farawa a hankali kuma yana ƙarewa a hankali. Idan na'urarki ba ta kama bugun farko ba, lambar sama za ta fito ƙasa da gaskiya. Idan ta daina ji da wuri, lambar ƙasa ta fito sama da gaskiya. A ɗakin awon ciki, inda 140/90 ke raba wadda za a sallama da wadda za a tsare don gudun jijjiga, wannan kuskuren ba ƙarami ba ne.

In kuwa a sashen gaggawa kike, ko kulawa ta musamman, inda sau da yawa ke ce za ki fara jin huhu ya cika ruwa kafin likita ya iso, ki sayi matsakaici irin na ɗaliban likitanci.

Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a wajen Ningi, daga ni sai mataimaki. Wanne ya dace da ni?

Mai fuska biyu, mai kan ƙarfe, mai jure wahala, wanda robar kunnensa da faifansa ke samuwa a kasuwa. Kai kaɗai ne za ka duba tsoho da jariri da mai ciki, ga shi babu hoton ƙirji a kusa, don haka kunnenka ne madogara.

Duk da haka kada ka zuba duk kuɗinka a kansa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta gano limoniya a ƙananan yara da ƙirga numfashi ta fara, da kallon ko ƙirji na lotsawa: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Agogo mai nuna daƙiƙa, da ma'aunin zafin jiki, da abin awon jini mai kyau, da ɗan abin maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini, za su yi maka aikin da sitetoskof mafi tsada ba zai yi ba. Ka raba kuɗin.

Ungozoma fa? Za ta ji bugun zuciyar ɗan tayi da shi?

Wani lokaci, in ciki ya tsufa kuma ɗaki ya yi tsit. Amma ba aikinsa ba ne. Ƙahon Pinard, wanda likitan haihuwa na Faransa Adolphe Pinard ya ƙirƙiro a 1895, shi ne na wannan aikin daga wajen mako na 20 zuwa sama, ba ya buƙatar batir, ba ya lalacewa. Na'urar Dofla ta hannu kuwa tana kama bugun tun wajen mako na 12. Bugun da ake so shi ne 110 zuwa 160 a minti. Sitetoskof na ungozoma don uwa ne, awon jininta da ƙirjinta, da kuma jariri bayan ya faɗo.

Na manya zai yi wa jarirai?

Ga ɗan shekara biyu ko uku, ƙaramar fuskar Classic III ta wadatar. Ga jariri sabon haihuwa, balle bakwaini, a'a. Faifan manya yana rufe kusan rabin ƙirjinsa, ba ya zama daram tsakanin haƙarƙari, sai ka ji zuciya da huhu da ciki a cakuɗe, ka kasa cewa daga ina sautin ya fito. Masu aiki a ɗakin jarirai na musamman su nemi na jarirai, mai ɗan mitsitsin kai. Ya fi kyau ma a ce kowane gadon kwalba yana da nasa, ba a yawo da shi daga jariri zuwa jariri.

In ba Littmann ba, babu mai kyau ke nan?

Akwai su da yawa. Sunan ya samo asali ne daga David Littmann, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, wanda ya fito da samfuri mara nauyi mai kyan sauti a farkon shekarun 1960. Kamfanin 3M ya sayi kamfaninsa a 1967, kuma a 2024 sashen kayan lafiyar 3M ya zama kamfani mai zaman kansa mai suna Solventum, saboda haka ganin wannan suna a takardun sabon kaya bai nuna jabu ba.

A Amurka akwai MDF da ADC da Welch Allyn. A Jamus akwai Riester da KaWe da Heine da Erka. Spirit na Taiwan ma yana da magoya baya cikin ɗalibai saboda sauƙin kuɗi. MDF ya shahara da alƙawarin garanti da kayan gyara na tsawon rayuwar na'urar. Kafin ka dogara da garantin kowane kamfani, ka tambayi mai sayar maka ta wace hanya kayan zai koma in ya samu matsala, domin daga Bauchi zuwa ma'aikatar tafiya ce mai nisa.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: gara gangariyar ƙaramin suna da jabun babban suna. Mai ƙaramin suna ya gaya maka ko shi wane ne. Jabu kuwa ka biya kuɗin sunan, ba ka samu sautin ba, ba ka samu garantin ba.

To ta yaya zan gane jabu?

Farashi ne ke fara tona shi. Classic III a Amurka kansa wajen dala 100 ne. Ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya ce zai ba ka sabo dal a kan rabin wannan lissafin, ko yana yi maka rantsuwa, ka yi masa godiya ka wuce. Araha ba ta ado.

Sai ka riƙe shi a hannu. Na asali yana da nauyin wajen giram 150, jabu sau da yawa sakayau yake. Ka duba lambar da aka zana a jikin ƙarfen kan, a ga ta fito tsaf ba a karkace ba. Tambarin da ke kan faifai kada ya zama mai gogewa da farce. Robar kunne ta asali tana da laushi, tana shiga ƙarfen da ɗan ƙas, ba ta fita da ja kaɗan. Juya kan daga fuska zuwa fuska ya kamata ya tafi sumul ya tsaya cak, babu girgiɗi. Tiyon jabu yakan yi sheƙi fiye da ƙima, ya yi warin roba, ko ya riƙe lanƙwasar da ya yi a kwali. Ka karanta kwalin da 'yar takardar ciki, kuskuren rubutu da dusasshen bugu suna yawan fallasa su.

Masu jabu ma suna ƙara wayo, har lambar suna kwaikwaya. Don haka gwaji mafi ƙarfi shi ne ka je da wani babba wanda ya daɗe da na asali a wuyansa, ku saurari ƙirji ɗaya da nasa da wanda za ka saya, ɗaya bayan ɗaya.

A ina zan saya a nan Bauchi?

Shagunan kayan asibiti da manyan kantunan magani na cikin gari suna ajiye masu araha da matsakaita. Manyan samfura galibi sai an yi oda daga Kano, Jos, Abuja ko Legas. Ga na Azare da Jama'are, Kano ta fi kusa.

Tun da aka saki naira a 2023 farashin irin waɗannan kaya ke bin dala, don haka kuɗin da wani ya saya bara ba ma'auni ba ne. Dabarar da ke yi wa ɗalibai aiki ita ce 'yan aji su haɗa kuɗi su yi oda ɗaya daga dillali sananne, a samu ragi, kuma in an ga matsala muryar mutum talatin ta fi ta mutum ɗaya. In ta intanet za ka saya, ka zaɓi inda ake biya bayan kaya ya iso, ko inda aka yarda a mayar. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfurin da lambarsa. Mai shagon da ya hana ka buɗe kwali ka gwada, ba shagonka ba ne.

Me zan gwada kafin in biya?

Ka sa shi a kunne ka yi shiru. Hayaniyar titi ta ragu sosai? In ba ta ragu ba, robar ba ta toshe kunnenka ba. Ka shafa faifan da yatsa a hankali, ka tabbatar kunnuwa biyu suna ji daidai. Ka sa shi cikin rigarka ka saurari zuciyarka, ka ja numfashi ka saurari huhunka. Ka lanƙwasa tiyon ka duba ko akwai tsaga, musamman wajen da ya rabu biyu da wajen da ya haɗu da kai.

Sannan ka bar shi a kunne na 'yan mintoci. Wanda ke matse kai har kunne ya yi zafi zai sa ka riƙa gaggawar cire shi a gaban mara lafiya. Ana iya sassauta ƙarafunan ta hanyar buɗa su a hankali, ko a ƙara musu ƙarfi ta hanyar haɗe su har su gitta juna, amma in robar ce ba ta dace da ramin kunnenka ba, sai an canza girma.

Na sayi mai kyau amma ba na jin komai. An cuce ni ne?

Da wuya. Fara duba yadda ka sa shi: bakin robar kunne gaba yake kallo, wajen hanci, domin haka ramin kunne ya karkata. In ka sa shi a juye, bangon kunne ya toshe shi. Sai ka duba ko fuskar da ka ɗora ita ce a buɗe, don mai fuska biyu ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, sai an murɗa kan. Wannan kaɗai ya sa ɗalibai da yawa zufa a gaban malamai.

In duk wannan daidai ne, ka duba ko zoben faifai ya kwance, ko ƙura da zaren aljihu sun toshe hanyar. Gashin ƙirji yana yin ƙaras-ƙaras mai kama da ta limoniya, a ɗan jiƙa shi da ruwa. Kada tiyo ya riƙa gogar riga ko ƙarfen gado. In har yanzu shiru, ka sa a leƙa kunnenka. Dattin kunne ya sha sa a zargi na'ura.

Mata da yawa ba sa so a ɗaga musu riga. In na sayi mai ƙarfi sosai, zan iya saurare ta kan hijabi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a wurinmu, kuma amsarta a'a ce. Babu sitetoskof da ke maganin hijabi da riga da zani da rigar sanyi a kan juna. Yadi yana rage sautin da kake nema, kuma yana ƙirƙiro nasa: gogar atamfa ko leshi a kan faifai tana iya yi maka kama da ruwa a huhu. Bugu na uku da gurnanin bawul da aka ambata a sama su ne na farkon ɓacewa. Haka abin yake ga dattijo mai babbar riga da 'yar ciki da suwaita a watan Janairu.

Kunya ce ma ta haifi na'urar. A 1816, a birnin Paris, likita René Laennec ya ga bai dace ya ɗora kunnensa a ƙirjin wata matashiya ba, kamar yadda ake yi a zamanin, sai ya naɗe takarda ya saurara ta cikinta, ya ji ma ya fi fitowa. Daga nan ya sassaƙa na itace. Wato tun asali don a kiyaye mutuncin mara lafiya aka yi shi, kuma har yanzu yana iya wannan aikin in an bi hanya.

Ka ja labule. Ka nemi nas mace ko 'yar'uwar mara lafiya ta tsaya. Ka yi bayani kafin ka taɓa: "Hajiya, zan saurari ƙirjinki, ba sai kin cire hijabi ba, ta ƙarƙashinsa zan sa wannan." Hijabin ya zama rufi, kan na'urar ya shiga ta ƙasa ya taɓa fata. Kana iya miƙa mata ta ɗora da hannunta inda ka nuna, ko nas ta riƙe. Bayan ƙirji ya fi sauƙi, kuma a can ake jin ƙasan huhu. In akwai ma'aikaciya mace kuma mara lafiya ta fi son ta, a kira ta. A lokacin hunturu ka murza faifan a tafin hannunka ya yi ɗumi, ko da kuwa mai zoben roba ne.

Ga ma'aikata mata, robar kunne ta shiga ta ƙarƙashin hijabi kai tsaye cikin kunne. Sa ta ta kan yadi daidai yake da rashin sawa.

Dogon tiyo ko gajere? Kuma mai tiyo biyu fa?

Yawancinsu tsakanin inci 22 ne zuwa 28. Gajere yana ɗan fin riƙe sauti, amma bambancin bai kai a damu ba. Inci 27 ya fi dacewa da aikinmu: yana hutar da baya, yana ba da tazara tsakaninka da mai tarin fuka, yana kuma ba mace sarari. Mai tiyo biyu a waje, samfurin Sprague, yana da araha da kayan canji da yawa, sai dai yana da nauyi kuma tiyon biyu suna gogar juna su yi ƙara.

Nawa ya yi tauri ya tsage cikin ɗan lokaci. Zafin garin nan ne?

Zafi na da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Babban abokin gabar tiyo shi ne maiƙon fata. Rataya shi a wuya kan fata tsirara, ga gumin Maris da Afrilu, ga man shafawa da turare, shi ke sa robar ta sandare ta ɗauki siffar wuya, daga nan sai tsagewa. A rataya shi kan kwalar riga ko kan hijabi. Kada a bar shi a gaban gilashin mota da rana, ko a rataye a madubi don mutane su san likita ne ke tuƙi. Kada a cusa shi a aljihu a nannaɗe kullum. A lokacin ƙurar hunturu, 'yar jaka mai zif tana ƙara masa shekaru.

Robar kunne da faifai da zobe duk ana canza su, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Tiyon ma ana samu. Kan ƙarfe mai kyau ba ya mutuwa, saboda haka kada a yar da na'ura don roba ta tsage.

Da me zan goge shi, kuma sau nawa?

Bayan kowane mara lafiya, da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Wani bincike da aka yi a Jeniba aka wallafa a 2014 ya gano cewa bayan duba mara lafiya ɗaya, ƙwayoyin cutar da ke kan faifai sun fi na ko'ina a hannun likita in ban da kan yatsu. Mu kuwa muna wanke hannu mu bar faifan yana yawo daga gado zuwa gado. Kada a tsoma shi a ruwa, kada a sa shi a tukunyar turara kayan tiyata, kuma sanitaiza ta hannu ba ta dace da shi ba saboda sinadaran laushin fata da ke cikinta. Robar kunne a ciro ta a wanke lokaci-lokaci.

Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, kuma da rani ya fi tashi. Duk wanda ake zargin yana da ita, ko kwalara, ba a shiga wurinsa da sitetoskof na wuya. Ɗakin keɓewa yana da nasa da ke zama a can, ana tsaftace shi bisa ƙa'idar ɗakin. A nan ne mai araha ke da ranarsa.

Na zamani mai batir fa, ya cancanci kuɗinsa?

Ga wasu. Irin su Littmann CORE da Eko suna ƙara ƙarfin sauti har ninki 40, suna rage hayaniyar waje, suna naɗar sauti a waya a tura wa ƙwararre a wani gari ko a kunna wa ɗalibai. Likitan da jinsa ya fara raguwa, da malamin da ke koyar da sautukan zuciya, za su ci moriyarsa. Amma kuɗinsa ya ninka na matsakaici sau da yawa, yana son caji, gyaransa ba na bakin titi ba ne, kuma yana ƙara ƙarar gogar yatsa kamar yadda yake ƙara ta zuciya. Ɗalibi ya fara horar da kunnensa da na gargajiya.

Likita, 'yata ce ta samu shiga makarantar nas, ina so in yi mata kyauta. Ni ban san kan abin ba.

Allah ya sanya alheri, Baba. Ka sa ta tambayi malamanta ko akwai irin wanda makarantar ta fi so, sannan ku je shagon tare, domin kunnenta ne zai gwada. Matsakaici mara nauyi na asali ya ishe ta har ta gama. Launi ba ya taɓa sauti, ta zaɓi wanda ranta ke so, in ya zama ba baƙi ba ma ya fi, don baƙaƙen sun yi yawa kuma su aka fi ɗauka bisa kuskure, ko da gangan. A zana sunanta a jikin ƙarfen kunne ko a maƙala masa 'yar alamar suna tun ranar farko, amma kada a huda tiyo ko a rubuta a kan faifai. Rasit da kwalin kuma su zauna a wurinka a gida.